Ƙarau da Baƙunci: Abin da Aikin Gilashi Zai Koya wa Makarantun Bunkure da Kura

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, ya kai wajajen Kura da Kadawa, ko kuwa ya ratse ya nufi Bunkure, zai ga abin da kakanninmu ba su gani ba, watau ƙasa kore shar a cikin watannin da a da ba a ganin kome sai kara da ƙura. Dalilin wannan kuwa shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama ginawa a shekarar 1974, zamanin da Audu Bako ya ke Gwamnan Jihar Kano. Daga can ne aka jawo ruwa ta manyan hanyoyi da ƙanana, har ya iso gonakin shinkafa da alkama da tumatir da albasa.

Amma fa ruwa ba ya zuwa shi kaɗai. Inda duk ya sauka, mutane na biye da shi. Ga 'yan ci-rani daga ƙasar Katsina da Jigawa da ƙasar Nijar, ga fatake masu sayen tumatir daga Kudu, ga makanikai masu gyaran injin ban-ruwa, ga ma'aikatan hukuma da aka kawo daga wurare dabam dabam. Waɗansu su kan koma gida da faɗuwar damina, waɗansu kuwa su zauna, su yi aure, su haifu. 'Ya'yansu ne yau ke zaune a benci ɗaya da 'ya'yan 'yan ƙasa. Yaro ya yi Hausa a makaranta da kasuwa, ya koma gida ya yi wani harshe da uwarsa. In ya je garin ubansa a ce ga Bakano ya zo, in ya dawo nan a ce da shi baƙo.

Malamai da yawa, da ɗalibai masu koyon aikin malanta, sun sha tambayarmu yadda za a yi da irin wannan yaro. Waɗansu na ganin abin da ya fi sauƙi shi ne a sa shi ya manta da gida ɗaya, ya riƙe ɗaya. Mu dai ba mu ga haka ba, kuma muna so mu kawo hujjarmu daga wurin da mai karatu bai zata ba, watau daga sana'ar gilashi, wadda iyayenmu mata suka sani da sunan ƙarau.

Mene Ne Gilashi?

Kafin mu shiga labarin mutane, ya kamata malami ya san abin da kansa. Asalin gilashi yashi ne. Amma yashi tsantsa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, abin da wutar itace ba ta iya kaiwa. Sai mutanen da suka gane cewa in an gauraya shi da kanwa, ko tokar waɗansu itatuwa, ya kan narke da zafin da bai kai haka ba. Sa'an nan kuma aka gane cewa yashi da kanwa kaɗai su kan ba da gilashin da ruwa ke ci a hankali, sai an ƙara farar ƙasa tukuna ya yi ƙarko. Kwalbar da mu ke gani yau, kusan kashi 70 cikin 100 nata yashi ne, sauran kuwa yawancinsa dangin kanwa ne da farar ƙasa.

Launi kuma daga ƙarafa ya ke fitowa. Baƙin ƙarfe kaɗan a cikin yashi shi ke sa kwalba ta yi kore. Wani ƙarfe da a ke kira kobal shi ke ba da shuɗi mai duhu, jan ƙarfe ya ba da shuɗi mai haske ko ja, gwargwadon yadda aka sarrafa wutar. Bayan an ƙera abu kuma ba a barinsa ya huce farat ɗaya. Tilas ne ya huce sannu sannu, in ba haka ba bayansa ya daskare cikinsa na da zafi, sai ya tsage.

To, jama'a, a lura da wannan: a cikin yashi da kanwa da farar ƙasa babu ko ɗaya da haske ke ratsawa. Sai sun haɗu a wuta sa'an nan a sami abin da a ke hangen waje ta cikinsa.

Masaga na Bida

A Arewacin Nijeriya, in ana zancen gilashi, Bida ce uwa. A can akwai wata unguwa da jama'a da a ke kira Masaga, waɗanda sana'arsu ke nan kaka da kakanni. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, a bakinsu su ba 'yan asalin wurin ba ne. Sun ce kakanninsu daga Masar suka taso, suka biyo ta ƙasar Barno, suna tafe suna yada zango, har suka zauna a Bida a ƙarni na 19, zamanin da ta zama babban birnin Nufe. Yau Nufanci su ke yi, Nufawa ne kamar kowa, amma ba su yar da labarin asalinsu ba, ba su kuma yar da sana'ar da suka ce da ita suka zo ba.

Gilashinsu na asali baƙi ne wuluk mai sheƙi, suna kiransa bikini. Su kan haƙa rami su yi matoya, su zuba yashi da kanwa da kashin maƙera, su yi ta ba shi wuta kwana da kwanaki ba ƙaƙƙautawa, har ya narke ya zama curi. Daga wannan curin ne a ke gutsurowa a kai maƙera. Can mutum biyar ko shida su kewaye murhu guda, ɗaya na zuga, sauran kowa da sandar ƙarfe a hannu. Mai yin ƙarau ya ɗebo narkakken gilashi a kan sandarsa, ya yi ta juyawa yana buɗa ramin da wani ƙarfe, har zoben ya yi faɗin da zai shiga hannu. Shi ya sa ƙarau na Bida ba shi da mahaɗi, duk inda ka juya shi ba ka ganin inda aka fara.

Da kwalaben Turawa suka yawaita, Masaga ba su tsaya ƙorafi ba. Suka ga ai kwalba gilashi ce da wani ya riga ya sha wahalar dafawa. Suka shiga sayen fasassun kwalabe, kore da ja-ja da shuɗi na magani da farare na man shafawa, suna narkarwa suna yin duwatsun wuya da ƙarau masu ratsi-ratsi. Wani Bajamushe mai suna Leo Frobenius ya gan su a bakin aiki a shekarar 1911, kuma S. F. Nadel ya bayyana tsarin ƙungiyarsu a littafinsa na ƙasar Nufe da ya fito a 1942. Sauƙin kwalba ya sa aka bar dafa bikini shekaru masu yawa, har sai a 2019 da dattawan unguwar, tare da waɗansu masu bincike, suka sāke haƙa matoya suka dafa shi, aka ɗauki aikin a fim don na baya. A shekarar 2021 kuma hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da suka shahara da sana'ar hannu.

Kada kuma wani ya ce ai baƙar fata bai san gilashi ba sai da ya zo daga waje. A Ile-Ife, a wani kurmi da a ke kira Igbo Olokun, Dokta Abidemi Babatunde Babalola ya tono dubban duwatsun ado da fasassun kasake na narka gilashi. Da aka auna su aka tarar haɗinsu dabam ya ke da na Masar da na Turai, da kayan ƙasar wurin aka yi su, tsakanin ƙarni na 11 da na 15. An kuma sami irinsu har a Gawo ta ƙasar Mali. Ashe tun kafin jirgin Bature ya iso gaɓar teku, dutsen ado na tafiya fatauci a ƙasashen nan.

Mu Kanawa ba mu da dalilin mamakin wannan. Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Sunayen unguwanninmu ma sun isa shaida: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa. Ita kanta Kura da me ta yi suna kafin shinkafa? Da rini da bugu. Rawanin nan ɗan Kura mai walƙiya, a nan a ke rina shi a buge shi, amma Buzaye ne can cikin Sahara su ke naɗa shi, har ya zama alamarsu.

Daga Sana'a Zuwa Fasahar Zamani

A da, a ko'ina cikin duniya, gilashi aikin ƙungiya ne mai sirri. A shekarar 1291 hukumar birnin Fenis ta ƙasar Italiya ta kwashe masu wannan sana'a ta kai su wani tsibiri mai suna Murano, don tsoron gobara, daga baya kuma aka hana gwanayensu fita ƙasar don kada sirrin ya bi su. Duwatsun adon da suka yi sun shigo Afirka ta Yamma da yawan gaske, an sayi man ja da hauren giwa da su, an kuma sayi bayi.

Sai a shekarar 1962, a birnin Toledo na Amurka, wani malamin ginin tukwane mai suna Harvey Littleton da wani masanin gilashi mai suna Dominick Labino suka gwada cewa mutum guda na iya gina ƙaramar matoya a ɗakin aikinsa, ya narka gilashi ya hura shi da kansa. Daga nan gilashi ya fita daga hannun masana'anta kaɗai, ya shiga hannun masu fasaha, waɗanda ba kofi ko kwalba su ke nufin yi ba, magana su ke so su faɗa wadda baki bai iya faɗa ba. Da yawansu kuma ba su tsaya ga gilashi kaɗai ba, su kan haɗa shi da igiya da ƙarfe da saƙa da yumɓu da itace a cikin aiki guda. Wannan shi mu ke kira aikin haɗe-haɗe.

A ƙasarmu, Zariya ce ta fara ta da wannan magana. A shekarar 1958 waɗansu ɗalibai na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne, ba za su yar da dabarun da malamansu Turawa suka koya musu ba, ba kuwa za su yar da zanen gidajensu ba, sai dai su haɗa. Shi Yusuf Grillo, wanda aka haifa a 1934 ya rasu a 2021, ɗan unguwar nan ce ta Ikko inda zuriyar waɗanda suka komo daga Barazil su ke zaune. Ya yi suna wajen tagogin gilashi masu launi da ya tsara wa manyan gine-ginen ibada a Ikko. A Oshogbo kuma Jimoh Buraimoh, bayan horon da ya samu a 1964, ya ɗauki ƙananan duwatsun ado irin waɗanda a ke yi wa sarakunan Yarabawa kambi da su, ya riƙa liƙa su a kan allo yana yin zane.

Haifaffiyar Kano a Beljiyam

Wadda ta fi dacewa da zancenmu ita ce Otobong Nkanga. A Kano aka haife ta a shekarar 1974, shekarar da aka gama Tiga. Asalin gidansu ƙasar Akwa Ibom ne. Ta tashi a Ikko, ta yi waɗansu shekaru na ƙuruciya a Faris, ta yi karatu a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, ta ƙara a Faris da Amsterdam, ta kuma zauna a birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam. In an tambayi irin wannan mace ina ne garinku, wace amsa za ta bayar? Ita da aikinta ta amsa, kuma abin da aikin ke yawan magana a kai shi ne ƙasa da ruwa da ma'adinai: daga ina aka ɗebo abu, wa ya ci moriyarsa, me aka bari a wurin da aka ɗebo shi.

A shekarar 2012 ta yi wani aiki a kan goro. Ta shirya tebur da hotuna da bayanin inda goro ke tsirowa da hanyoyin da ya ke bi, ta zauna, duk baƙon da ya zo kallo ta gayyace shi ya zauna su fasa goro su ci tare, suna taɗi. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan. Goro ba ya tsiro a ƙasar Hausa, daga Gwanja da Kurmi fatakenmu suka riƙa ɗauko shi, amma ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi. Wa zai ce goro baƙo ne a Kano?

A 2015 ta tafi Tsumeb a ƙasar Namibiya, inda a da akwai wani tudu kore saboda yawan tamar jan ƙarfe da ke cikinsa. Zamanin mulkin Jamus aka fara haƙarsa da injuna, aka kwashe shi kaf, duwatsunsa masu kyau suka watsu a gidajen ajiya na Turai, aka bar rami. Wanda ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a ƙasar Jos ya san abin da ta gani. A 2017 kuma, a babban nunin da aka yi a Atina ta ƙasar Girka da Kassel ta Jamus, sabulu ta dafa, baƙi, da man zaitun da man kaɗanya da waɗansu mayuka na ƙasashe dabam dabam da gawayi. Aka sayar, kuɗin ya tafi ga wani wurin koyo a Atina da wata gidauniya a Akwa Ibom.

Aikinta na gilashi da ya fi shahara shi ne wanda ta sa wa suna da Turanci Veins Aligned, watau jijiyoyi a jere, na shekarar 2018. Tsawonsa wajen mita 26 ne, an shimfiɗa shi a ƙasa yana lanƙwasa kamar kogi, an yi shi da gilashin Murano da dutse mai santsi. Launinsa na sākewa daga wannan kai zuwa wancan, kamar ruwan da ya taso garau ya yi ta ɗaukar dauɗa a hanya. Wanda ya dube shi zai ga kogi, ya kuma ga jijiyar jikin mutum, nufinta kuwa shi ne abin da ya sami ɗaya ya sami ɗayan. An nuna shi a babban nunin Fenis na 2019, inda alƙalai suka ba ta yabo na musamman. A 2021 a Rivoli ta Italiya, da 2024 a babban gidan nunin fasahar zamani na birnin New York, ta rataya ko ta shimfiɗa igiyoyi da aka tufka da hannu, ta zura musu ƙwallayen gilashi da aka hura da baki, tare da saƙa da yumɓu. An ba ta lambar Nasher ta 2025, wadda a ke bai wa gwanayen sassaƙa da ƙira.

Muna ganin manomin Bunkure zai riga mutumin Fenis fahimtar wannan kogin gilashi. Shi ne ya san yadda ruwa ke fitowa daga Tiga, da yadda ya ke isa gonar ƙarshe bayan ya bi ta taki da maganin feshi da ledoji. Shi ne kuma ya san cewa abin da na sama ya zuba, na ƙasa ke sha.

Waɗansu Irinta

Ba ita kaɗai ba ce. El Anatsui mutumin Gana ne, an haife shi a 1944, ya zo Nsukka koyarwa a 1975, ya yi shekaru fiye da talatin a jami'ar. Marafan kwalabe da aka zubar ya ke tarawa, a daddaƙe su a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, su zama wani ƙaton mayafi mai walƙiya da ke rufe bango guda. A 2015 aka ba shi babbar lambar Fenis ta aikin rayuwa.

Yinka Shonibare kuwa a Landan aka haife shi a 1962, ya tashi a Ikko, ya koma Ingila. Atamfa ce kayan aikinsa, domin ya lura cewa wannan zane da kowa ke cewa na Afirka ne, dabararsa daga Indunusiya ta ke, a Holan da Manchester aka riƙa buga shi, matanmu ne suka mai da shi nasu. A 2010 ya sa siffar jirgin ruwan yaƙin Nelson a cikin wata ƙatuwar kwalba, filafilansa duk na atamfa, aka kafa a dandalin Trafalgar a tsakiyar Landan.

Akwai kuma Chris Day a Ingila, mai jini biyu, na Jamaika da na Turai, wanda ya daɗe yana aikin famfo kafin ya koyi hura gilashi. Ya kan saƙa keji da bututu da wayar jan ƙarfe, irin kayan tsohuwar sana'arsa, ya hura gilashi a ciki har ya kumbura ya ɓullo ta tsakanin wayoyin, don tunawa da waɗanda aka ɗaure aka ƙetare teku da su.

Abin da Masu Suka Ke Cewa

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Na farko su ce, wane amfani ke ga abin da ba a ci, ba a sha, ba a sawa? Amsarmu ita ce, zanen da magina ke yi a bangon soro ba ya tare ruwa, aska takwas ba ta ƙara wa riga ɗumi, amma ba mu taɓa jin wanda ya ce a bari ba.

Na biyu su ce addini ya yi hani ga sassaƙa siffar mai rai. Wannan magana ce ta malamai, kuma muna girmama ta. Amma a duba, ƙarau na Bida ba siffar kowa ba ne, haka mayafin marafan kwalba, haka kogin gilashi. Fagen da ya rage bayan an kiyaye wannan hani yana da faɗi ƙwarai, kuma a cikinsa ne Musulmin Masar da Sham suka yi fitilun masallatai na gilashi masu rubutu, waɗanda duniya ke alfahari da su har yau.

Na uku ita ce mai nauyi. Su ce, waɗannan gwanaye a Turai a ke nuna aikinsu, masu kuɗin can ke saye, mutumin Kano bai taɓa gani ba, alhali maƙerin Masaga na sayar da ƙarau a kan abin da bai taka kara ya karya ba, 'ya'yansa kuma na gudun sana'ar saboda awarwaron roba ya cika kasuwa. Wannan gaskiya ce, ba mu da abin da za mu rufe ta da shi. Amma laifin ba na wanda ya tafi ya yi suna ba ne. Namu ne da mu ke barin darasin aikin hannu ya zama lokacin shara da ɗiban ruwa, ko kuwa a ce yaro ya kawo tsintsiyar da ya saya a kasuwa a ba shi maki.

Shawara ga Malamai da Ma'aikata

Saboda haka ga abin da mu ke ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfin makarantar ƙauye.

Da fari, kada malami ya yi ƙoƙarin narka gilashi da yara, kada kuma ya sa su fasa kwalba. Wannan aikin manya ne masu horo. Wanda ya nuna sha'awa ƙwarai, a gaya masa cewa ana koyar da ilmin gilashi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya sa himma ga lissafi da kimiyya.

Na biyu, muna jan kunne da babbar murya a kan kwalabe da robobin maganin feshi da ke yashe a bakin gonaki da hanyoyin ruwa. Kada a kawo su makaranta da sunan kayan aiki, kada a zuba ruwan sha ko mai a ciki ko an wanke. Guba ce, wanki ba ya fid da ita duka.

Na uku, kayan haɗe-haɗe na nan birjik ba da ko kwabo ba: yumɓu, kaba, karan dawa, ɓawon shinkafa, marafan lemo, tsinkakkiyar jigida, ƙyallayen tela, zaren da aka rina. A sa 'yan aji su yi taswirar ruwansu a kan allo ko tabarma, daga Tiga har gonar ƙarshe ta garinsu, kowane yanki da irin kayan da ya dace da shi. A cikin wannan aiki guda sun yi labarin ƙasa, sun yi awo, sun yi kiwon lafiya.

Na huɗu, kowane yaro ya tambayo a gida wani zane ko saƙa ko ɗinki na garin iyayensa, ya zo ya gwada wa 'yan'uwansa, ya faɗi sunansa da harshen gida, a rubuta a allo tare da sunansa na Hausa. Ɗan Bunkure ya kawo nasa, ɗan Maraɗi ya kawo nasa, ɗan Bida ko Oshogbo ya kawo nasa. Yaron da jiya ya ke ɓoye harshen uwarsa don kunya, yau shi ne malamin aji na minti goma. Malami kuma ya tsawata wa duk mai yi masa dariya.

Na biyar, ga ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ku ne ke riƙe da littattafai. Ku rubuta sunayen marina da mabuga da maƙera da magina da masu ɗinkin hula da suka rage a gundumominku, da inda kowa ya koyi sana'arsa. Da dattawan Masaga sun ƙare kafin 2019, da bikini ya tafi ke nan har abada. Makarantun da ke da hali kuma su kai yara Gidan Makama da kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, gama gani ya kori ji.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yarinyar da aka haifa a Kano a 1974 ba wanda ya san inda za ta kai, haka nan ba mu san abin da ke cikin yaran da ke gabanmu yau ba. Abin da ke wuyanmu shi ne kada mu karɓe wa yaro rabin gadonsa da sunan gyara shi. Allah ya ba malamanmu haƙuri da basira, ya sa albarka a ruwan nan da waɗanda ya tara mana, amin.